Baffa ya ce shekarar Inna 120, katinta bai ce haka ba

Tambaya: Gwaggo, ina gaisuwa. Kakarmu, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta rasu nan Tahoua. Baffanmu da ya zo daga Abijan yana ta gaya wa masu gaisuwa shekararta 120, alhali a katinta na shaida an rubuta an haife ta wajen 1930. Muna son rubuta tarihinta a raba wa dangi ran sadakar arba'in, kuma ba na son ƙarya ta shiga ciki. Ta sha faɗa mana tana budurwa aka daina aikin dole, autanta kuma ta haife shi shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulkin Nijar. Wanne zan rubuta? Daga wata jika, Tahoua.

Amsa: Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ku kuma ya ba ku haƙuri. 'Yata, Inna ta riga ta yi miki lissafin da bakinta. Faransa ta soke aikin dole a 1946, Kountché kuma ya kifar da shugaba Diori Hamani a watan Afrilun 1974. In da shekararta 120, to wajen 1905 aka haife ta, ke nan ta haura 40 tana budurwa, ta kuma haifi auta tana gab da 70. Wannan ko baffanki ba zai yarda ba. In kuwa wajen 1930 ne, tana da kamar 16 lokacin na farko, kamar 44 lokacin na biyu. Ya zauna daram.

Ba wai kati ba ya kuskure ba. Mutanenmu na wancan zamani ba su da takardar haihuwa. Sai buƙata ta taso, ta aikin hajji ko ta zaɓe, a duba fuska a ƙiyasta. Wannan karon dai ƙiyasin ya dace da maganarta. Ki rubuta cewa ta haura 90, ki sa waɗannan shekaru biyu, 1946 da 1974, a gefe.

Amma kada ki gyara wa baffanki zance a gaban jama'a. Uwarsa ce, kuma mu Hausawa da mun ga tsohuwa da tattaɓa kunne sai mu ɗora mata ɗari da ɗoriya. Ki tura masa babarki ko wata gwaggo, su yi magana a ɗaki.

Abin da na fi so ki sa ƙarfinki a kai shi ne abin da ta gani. Macen da ta yi wannan tsawon rai a Adar, yankin Tahoua, ta ga ƙuri'ar raba gardama ta 1958 da rikicin jam'iyyar Sawaba, ta ga 'yancin kai a 1960, ta ga farin 1973 da ya ƙarar da dabbobi, ta ga yunwar 1984 da ake kira El Buhari. Da me ta ciyar da gida a lokacin? Me ta sayar, ɗan wa ta riƙa? Mazan Tahoua da sun tafi biɗa, mata irinta ake bar wa gida da gona, kuma ba kasafai ake rubuta wannan ba.

Ki nemi ƙawayenta da suka rage, da kishiyarta in tana raye. Kada ki tambaye su shekara, ba za su sani ba. Ki ce wa ya riga wa aure, wa ke goyon wa lokacin yunwa, ki kunna waya ta ɗauki murya. Ki tafi da goro, ki fara da wadda ta fi tsufa, cikin makon nan.