Amsa: Zuwa Toledo daga Madrid, da ɗan jagora ko ni kaɗai?

Malam, ka ce yini ɗaya kawai gare ka, kana tambaya ko ka bi motar 'yan yawon buɗe ido mai ɗan jagora ko ka tafi da kanka. Ni dai shawarata, ka hau jirgin ƙasa daga tashar Atocha da ke Madrid, wajen rabin awa ka isa Toledo, sannan ka ɗauki ɗan jagora a can na awa biyu ko uku.

Dalili kuwa, tsohon birnin kan tudu yake, kogin Tajo ya kewaye shi ta ɓangare uku, lungunansa kuma a murɗe suke. In babu mai nuna maka, sai ka wuce ƙaramin masallacin Bab al-Mardum, wanda aka gina a shekarar 999, ba ka ma lura ba, don ɗan ginin bulo ne kusa da ganuwa. An mayar da shi coci bayan Sarki Alfonso na shida ya karɓe birnin a 1085, amma rubutun Larabcin da aka tsara da bulo yana nan a fuskarsa. A kan irin wannan ne ɗan jagora ke da amfani.

Matsalar motocin rukuni ita ce hanzari, ga tsayawa a shagunan takubba da ke cinye lokaci. In su za ka bi, ka tambaye su tun farko ko kuɗin shiga babban cocin birnin yana cikin kuɗin da za ka biya.

Ka sa takalmi mara santsi, duwatsu ne a ƙasa. Tikitin dawowa kuma ka saye shi tun da safe, jiragen yamma kan cika.