Da me aka yi tsakuwar ƙoda?

Tambaya: Likita, maigidana ya fitsarar da 'yar tsakuwa bayan ciwon kwiɓi mai tsanani. Mutane na cewa tsakuwar cikin shinkafa ce, wasu kuma sun ce ya daina shan nono. Yaya gaskiyar take? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Tsakuwar shinkafa ta hanji take wucewa, ba ta da hanyar shiga ƙoda. Tsakuwar ƙoda a cikin fitsari take haɗuwa, idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki har sinadarai suka daskare, abin da ya fi yawa a lokacin bazara.

Tsakuwar ƙoda iri-iri ce. Kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 kalsiyam ne, sinadarin da ke cikin nono, haɗe da wani sinadari mai suna okzalet. Okzalet yana cikin alayyafo da gyaɗa da baƙin shayi. A nan mutane ke kuskure: idan ya daina nono, okzalet ba zai sami kalsiyam ɗin da zai kama shi a hanji ba, sai ya ratsa jini ya tafi ƙoda. Don haka ya ci gaba da shan nononsa tare da abinci. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano zai rage, domin su ke tura kalsiyam cikin fitsari. Kada gishirin ya wuce giram 5 a rana.

Akwai kuma tsakuwar sinadarin yurik asid, mai samuwa idan fitsari ya yi tsami, galibi ga masu yawan cin nama da kayan ciki, da masu ciwon sukari. Hoton eksire ba ya nuna ta, amma maganin fotasiyam sitret na iya narkar da ita.

Tsakuwar da ake kira sitirubait kuwa ƙwayoyin cutar mafitsara ke haifar da ita, ta fi kama mata, tana girma da sauri, kuma sai an cire ta gaba ɗaya. Ta sistin gado ce, ba ta da yawa.

Tunda maganinsu ya bambanta, in tsakuwar na nan, ku busar da ita, ku sa a kwalba mai tsafta, ku kai wa likita a gwada. In ciwon ya dawo, ya riƙa fitsari ta matacin shayi don kama ta. Ya sha ruwa har fitsarinsa ya kai lita 2 zuwa 2.5 a rana, ya yi fari. In zazzaɓi ya haɗu da ciwon, ko fitsari ya tsaya, ku tafi asibiti nan take.