Tambaya da Amsa: Yadda Layin Mai Bashi Zai Canza Launi da Kansa a Excel

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Auyo, jihar Jigawa, kuma a Excel nake ajiye lissafin bashin takin da muke ba membobi su biya da kaka. Ginshiƙin A sunaye ne, B unguwa, C kuɗin da aka ba mutum, D kuma abin da ya biya. Ina so layin duk wanda bai gama biya ba ya koma ja da kansa, amma da na sa Conditional Formatting sai teburin gaba ɗaya ya yi ja, har da waɗanda ba a bin su ko sisin kwabo. Ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ko da yake ba ka aiko da fomular da ka rubuta ba, kusan a kullum wannan matsala daga alamar dala take tasowa. Idan mutum yana cikin akwatin rubuta ƙa'ida sai ya danna gida da linzami, Excel da kanta takan rubuta masa $D$2 da $C$2, wato ta kafe ginshiƙi, ta kuma kafe layi. Sakamakon haka, kowane layi a teburinka mutumin da ke layi na 2 yake dubawa, kuma tunda shi bai gama biya ba, sai aka shafa wa kowa ja saboda bashin mutum ɗaya.

Ka fara da goge tsohuwar ƙa'idar ta hanyar Clear Rules. Daga nan ka zaɓi gidajen tun daga A2 har zuwa D200, ko inda sunayenku suka tsaya, ka tabbata daga A2 ka fara jan linzamin. Ka shiga Home, ka danna Conditional Formatting, sai New Rule, ka ɗauki zaɓi na ƙarshe wanda ke ba da damar amfani da fomula, ka rubuta =$D2<$C2, sannan ka danna Format ka zaɓi launin da kake so.

Abin lura shi ne, layin farko kaɗai ake rubuta wa fomular, Excel ce ke sauka da ita zuwa sauran layukan tana sauya lamba: a layi na 3 za ta karanta D3 da C3, a layi na 90 kuma D90 da C90. Alamar dala kamar turke take, abin da aka ɗaure da ita ba ya gusawa. Da ka sa ta gaban harafi ka bar lamba a sake, gidaje huɗun da ke layi ɗaya duk D da C za su duba, shi ya sa layin ke ɗaukar launi tun daga sunan mutum har ƙarshe. Idan ka cire ta gaba ɗaya, gidan A ne kawai zai yi daidai, domin na B zai gusa ya kwatanta E da D, launin ya fito a warwatse. Maɓallin F4 yana juya waɗannan alamomi ɗaya bayan ɗaya, ba sai ka yi ta rubutawa da hannu ba.

A ganina launi ɗaya bai ishe ka ba, domin wanda ya kawo rabin kuɗi bai kamata ya tsaya sahu ɗaya da wanda bai kawo komai ba, musamman idan a gaban shugabanni za a buɗe kwamfutar ranar taro. Ka mayar da ƙa'idar farko ruwan ɗorawa, ka ƙara ta biyu mai ja da =AND($C2>0,$D2=0), sannan ka shiga Manage Rules ka hau da ita sama, saboda idan ƙa'idoji biyu suka yi karo a kan launi, ta sama ce ke rinjaye. Sharaɗin $C2>0 yana hana layukan da ba a cike ba yin ja, tunda Excel sifili take ɗaukar gidan da babu komai a ciki.

Sai ka kula da yadda ake shigar da kuɗin. Idan wani ya rubuta N25,000 ko "dubu 25" a ginshiƙin D, Excel rubutu take ganin sa, ba adadi ba, kuma a wurinta rubutu ya fi kowace lamba girma, don haka layin ba zai yi launi ba ko da ana bin mutumin bashi. Lamba zalla za a rubuta.

Idan a Google Sheets kake aiki, fomulolin ba su canza ba: ka shiga Format, sai Conditional formatting, ka sa A2:D200 a wurin iyaka, ka zaɓi Custom formula is. Duk lokacin da kuka ɗauki sababbin membobi har sunaye suka wuce layi na 200, ka koma ka faɗaɗa iyakar, a Excel ta akwatin Applies to da ke cikin Manage Rules.