Amsa ga ƙanenmu na Garwa: kada ka cika jaka da kayan aikin gas kafin ka taso

Ƙanena, ka ce ka gama makarantar koyon sana'a a Garwa, kana shirin zuwa Ingila ka koyi aikin gas na gidaje, kawunka kuma ya ba ka kuɗi ka sayi kayan aiki a kasuwa ko a Duwala tunda can sun fi araha. Allah ya saka masa da alheri. Amma ka riƙe kuɗin nan tukuna.

Dalili na farko ma'auni ne. Bututun jan ƙarfe da ake aiki da shi a gida Kamaru na tsarin Faransa ne: milimita 12, 14, 16, 18. A nan 15, 22 da 28 ake amfani da su. Injin lanƙwasa bututu na 14 ko 16 da ka ɗauko daga Duwala zai murƙushe maka bututun 15 ko ya ƙi shiga gaba ɗaya. Kan cajar na'urorinka ma mai baki biyu ne, soket ɗin nan baki uku gare shi. Gwangwanin gas na fitilar narka dalma kuwa ba a shiga jirgi da shi.

Na biyu, doka. A ƙarƙashin dokar 1998, ba ka da ikon yi wa mutane aikin gas sai da rajista, kuma tun 2009 rajistar tana hannun Gas Safe, hukumar da ke rajistar masu aikin gas. Takardarka ta gida ba ta buɗe wannan ƙofa. Sai ka yi horo, ka tara shaidar ayyuka ƙarƙashin mai rajista, ka ci jarrabawar ƙwarewa a aikin gas da ake kira ACS, mai sassa daban-daban: CCN1 ita ce tushe, CENWAT ta boila, wato tukunyar ɗumama gida da ruwa, CKR1 ta murhun girki. Ana sabunta su duk shekara 5. Ka kuma sani bizar ɗalibi ba ta yarda ka buɗe sana'ar kanka ba. A duk tsawon wannan lokaci da na'urorin makaranta da na maigidanka za ka yi aiki, kuma kamfanoni da yawa su ke ba ma'aikacinsu na'urar gwaji. Ka tambaya kafin ka saya.

Idan ranar saye ta zo, kuɗin ya fara tafiya ga abin da ke auna, ba abin da ke ɗaure noti ba. Sifana mai araha in ta lalace, hannunka zai gaya maka. Na'urar gwaji in ta lalace, lamba za ta ci gaba da nuna maka, kai kuma ka sa hannu a takarda ka bar yara suna barci cikin guba.

Babba a ciki ita ce na'urar gwajin hayaƙi. Kane, Testo da Anton su ne aka fi gani. Ka duba ta cika ƙa'idar BS EN 50379-3. Kuɗinta ɗaruruwan fam ne, shi ya sa sabon shiga ke karkata ga ta hannu. A nan ake faɗawa rami. Ƙwayoyin da ke shinshino iskar oksijin da gubar CO, wato iskar carbon monoxide mai kisa, suna tsufa ko da na'urar na kwance cikin kwali, zafi kuma yana ƙara cinye su. Ka yi tunanin wadda ta yi watan Maris da Afrilu a shagon kwano a Garwa ko Marwa. Duk shekara sai an aika da ita an daidaita ta an ba ka takardar shaida, kuma mai duba aiki daga Gas Safe zai nemi ganinta. In ta hannu za ka saya, ka ga ranar da ke kan takardar, ka tambayi kuɗin canjin ƙwayoyin, ka haɗa lissafi. Sau da yawa sabuwa ta fi sauƙi.

Kula da ita ba wuya, mantuwa ce ke kashe ta. A waje, cikin iska mai tsabta ake kunna ta, sai oksijin ya nuna 20.9, CO ya nuna sifili. Akwai ɗan kofi mai haske a jikin tiyonta da ke tare ruwan hayaƙin boila: ka zubar da shi bayan kowane gwaji, domin in ɗigo ya wuce ciki ƙwayar ta tafi. In matatar ta yi baƙi ka canja. Bayan gwaji ka bar famfonta ya zuƙi iska mai kyau har CO ya sauka kafin ka kashe. Kada ta kwana a mota da hunturu, raɓa na taruwa a cikinta. Idan ka kafa sabuwar boila, abin da kake nema shi ne CO ƙasa da 350 ppm, wato kashi 350 cikin miliyan, rabon CO da CO2 (iskar carbon dioxide) kuma ƙasa da 0.004, sai fa in littafin maƙerin ya faɗi nasa adadin, to shi za ka bi.

Sai ma'aunin matsin gas. Na lantarki yana da daɗin karatu, amma ka sayi na ruwa ma, mai siffar U, mai kai milibar 30. Ba batir, ba ya ƙarya, kuɗinsa kaɗan. Gas ɗin bututu a nan milibar 21 ne a mita idan ana aiki da shi, sama ko ƙasa da 2, kuma tsakanin mita da na'ura kada ya faɗi fiye da milibar 1. Ba irin tukunyar kilo 12.5 da ka saba da ita ba ce mai milibar 28. Wancan fanni ne daban mai tasa jarrabawar. Gwajin yoyo kuwa haka yake: ka kai matsi tsakanin 7 da 10, ka rufe makullin mita, minti 1, ka ga ko makullin na sakin gas, ka ɗaga zuwa 20 ko 21, minti 1 ya zauna, sannan minti 2 na gwaji. A sabon bututu ba a yarda ruwan ya sauka ko kaɗan ba. Kafin ka zargi bututun gidan mutane, ka duba tiyon robarka, domin bakinsa yakan tsage. Ka ajiye na biyu a jaka.

Wata al'ada ta gida dole ka bar ta a Garwa: kumfar Omo ko sabulun wanke kwano don neman yoyo. Gishirin da ke cikinsu yana cin ƙarfe a hankali. Ruwan gwaji na musamman ake saya, a goge wurin bayan an gama. Farin tef na famfon ruwa ma ba na gas ba ne, na gas ya fi kauri.

Da yawa daga cutar boila ta wutar lantarki ce, don haka ka sayi ma'aunin lantarki mai kyau, da ma'aunin wuta mai baki biyu da ɗan akwatin da ake tabbatar da lafiyarsa, da kwaɗon kulle makunni, da fis na am 3. Kada ka manta da wayar haɗi ta wucin gadi mai maƙali biyu: kafin ka yanke bututu ko ka cire mita, ka maƙala ta gefe da gefe, don kada wutar da ta ɓata hanya ta yi tartsatsi ko ta bi ta jikinka. Sai ƙwayoyin hayaƙi da ashanarsa na gwada bututun hayaƙi, agogon ƙirga minti, da takardun gargaɗi da ake liƙa wa na'ura mai haɗari.

Sifana, filaya, sukuddireba, abin yanka bututu na 15 da 22, fitilar dalma da tabarmar tare wuta: matsakaita sun isa, shagunan kayan aiki na Screwfix da Toolstation cike suke da su. Ka saya ɗaya bayan ɗaya, yadda aiki ya nema. Manyan injunan matse bututu da na wanke layin ɗumama ka yi haya ko ka ara a shekarar farko.

Abin da za ka ɗauko daga gida takardunka ne. Na makaranta, da wasiƙar duk wanda ka yi aikin famfo ko lantarki a hannunsa mai nuna shekarun da ka yi, ka sa amintaccen mai fassara ya mayar da su Turancin Ingilishi, domin cibiyar horo tana duba su wajen yanke matakin da za ka fara. Kuɗin kawu kuma ya zauna a banki har ranar da katin Gas Safe ya shigo hannunka.