Ku Tambayi Anti: Wai da gaske matan Arewa ba sa zaɓe a da?

Salam Anti, ni ɗaliba ce 'yar SS2 daga Anguwar Rogo, Jos. Malaminmu na darasin gwamnati ya ce wai matan Arewa ba su fara zaɓe ba sai bayan an samu 'yancin kai da daɗewa, ni kuma da na dawo gida na faɗa wa kakata sai ta ce ba haka bane, ita ta bi layi ta jefa ƙuri'a tun tana amarya, wai akwai jam'iyyar gida da masara har da ta makulli. Dan Allah waye mai gaskiya?

Wa'alaikis salam 'yata. Duka biyun suna da gaskiya, kuma kakar taki da bakinta ta ba ki amsa. Gida da masara ai alamar NPN ce ta Shehu Shagari, makulli kuma na PRP ne ta Malam Aminu Kano, kinga kenan zaɓen 1979 take nufi, shekarar da Solomon Lar ya ci gwamnan Filato a NPP. Shine karon farko da matan Arewa suka zaɓi shugaban ƙasa da gwamna. Kafin nan an ɗan buɗe musu ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 lokacin mulkin soja na Obasanjo, shekara 16 fa bayan Turawa sun miƙa mulki.

Su ma mazan ba haka kawai suka samu ba. A 1922 gwamna Clifford, Baturen mulkin mallaka, ya kawo tsarin da aka fara zaɓen 'yan majalisar dokoki da shi a Najeriya, kujeru 4 kacal, 3 na Legas 1 ta Kalaba, kuma sai namijin da ke samun fam 100 a shekara zai jefa ƙuri'a, wanda a lokacin kuɗi ne masu yawan gaske, talaka ko kusa. Arewa kam ko kujera ɗaya babu. Da aka zo 1951 aka fara zaɓe a Arewa amma hawa hawa, masu biyan haraji su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi wasu, kafin a kai ƙarshe muryar talaka ta ɓace a hanya. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa aka ce su zauna a gida, wai al'ada bata yarda ba kuma lokaci bai yi ba.

Wlh duk sanda na zo nan sai na tuna Hajiya Gambo Sawaba, kuma yana min ciwo yadda yaranmu suka haddace sunayen 'yan fim amma ba su san ta ba. 'Yar Zariya ce, an haife ta a 1933, ta shiga NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano ta wancan lokacin, tun tana yarinya bata kai shekara 20 ba, ta zama shugabar mata, tana shiga gida gida cikin matan kulle tana ce musu ku ma kuna da haƙƙi a ƙasar nan, ku sa 'ya'yanku mata a makaranta, kar a musu auren dole. A kan haka aka kama ta aka ɗaure ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, 'yan daba sun dake ta, hukumar En'e ta kore ta daga Kano. Ta je har Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta tara matan kasuwa suka yi ta zanga zanga kan haraji har sarkinsu Alake ya sauka daga kujera a 1949. Gambo ta rasu a 2001, Allah ya jiƙanta, ta ga abin da ta sha wuya a kai da idonta. Babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi.

Ba mu kaɗai bane. A Amurka sai 1920 mata suka samu, baƙar fata kuma a jihohin kudu aka dinga hana su da jarrabawar karatu da harajin zaɓe da tsoratarwa har sai dokar 1965, bayan tattakin garin Selma da su Martin Luther King suka yi. A Afirka ta Kudu kuma baƙar fata sai 1994.

Ki koma ki zauna da kaka ki tambaye ta wa ya raka ta rumfar zaɓe ranar, kuma me maigida ya ce. Ki rubuta a littafi ki kai wa malaminku.

Anti ina wuni. Shekarata 17, a Kubwa aka haife ni amma iyayena 'yan Katsina ne. Abokina ya ce in na cika 18 sai na je Katsina zan iya zaɓe tunda ni ba ɗan asalin Abuja bane. Sannan me yasa mu ba mu da gwamna?

Lafiya lau ɗana. Abokinka bai fahimta ba. Takardar ɗan asalin jiha daban, zama ɗan ƙasa daban, kuma ƙuri'a ta ɗan ƙasa ce. Da zarar ka cika 18 ka je INEC ta yi maka rajista a mazaɓar da kake zaune, katinka ya fito ka yi zaɓe a nan Kubwa, ƙarƙashin Bwari. Da can ma sai 21, tsarin mulkin 1979 ne ya sauko da shi 18.

Gwamna kuma babu saboda Abuja ba jiha bace, shugaban ƙasa ke naɗa minista ya riƙe ta. Amma za ka zaɓi shugaban ƙasa, sanata 1, ɗan majalisar wakilai a cikin 2 da ake da su, sai ciyaman da kansila, don ƙananan hukumomi 6 ne, AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. In kuma takara ke ranka, tun 2018 aka rage shekarun majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, saura shekara 8 kenan. Kar dai ka bari wani ya lallaɓa ka kayi rajista kafin ka cika 18, laifi ne a doka.