Gasar rubutu ko jarrabawar shiga jami'a: wanne ɗana zai sa a gaba a Barazil?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata biyar a birnin Sao Paulo na ƙasar Barazil, iyalina kuma sun biyo ni shekara biyu da suka wuce. Babban ɗana shekararsa 16, yana aji biyu na babbar sakandare a makarantar gwamnati. Bakinsa ya buɗe da harshen Fotugis har ya fi ni, shi yake mini tafinta a wasu wuraren. Yanzu malamarsu tana son ta saka shi a gasar rubutu, ni kuwa gani nake ɓata lokaci ne, tunda jarrabawar ENEM ta shiga jami'a na jiransa baɗi. Wani abokina kuma ya ce tunda yaron baƙo ne, sai ya ci wata jarrabawa mai suna Celpe-Bras kafin jami'a ta ɗauke shi. Kaina ya ɗaure. Wanne zan sa ya riƙe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Ka bar shi ya shiga gasar, ka kuma je da kanka ka gode wa malamar. Abu uku ne suka cakuɗe maka, kowanne da aikinsa, kuma wanda kake wa kallon ɓata lokaci shi ne zai fi taimakon yaron a kan wanda kake tsoro.

Mu fara sallamar maganar abokinka. Celpe-Bras jarrabawa ce da gwamnatin Barazil ta soma a 1998 domin baƙin da Fotugis ba harshensu na gida ba ne. INEP, hukumar jarrabawa da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar, ke shirya ta. Ana rubutu na awa uku a kan ayyuka huɗu, ɗaya daga bidiyo, ɗaya daga sauraron murya, biyu daga karatu, sannan a yi hira ta baki ta minti 20. Takardar hawa huɗu ce, daga matsakaici zuwa ƙwararre. Masu buƙatarta su ne irin ɗaliban da suka gama sakandare a ƙasashensu suke neman gurbi ta shirin PEC-G, wanda Barazil ke ba 'yan ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya, damar karatun digiri ba kuɗin makaranta. Ɗanka ba ta wannan ƙofar zai shiga ba. Zai kammala sakandare a cikin ƙasar, don haka layinsa ɗaya da abokan ajinsa. In akwai mai buƙatar wannan takarda a gidanka, kai ne, ranar da ka tashi neman zama ɗan ƙasa, domin tana cikin shaidun da ake karɓa na cewa mutum yana jin harshen. Akwai kuma 'yar'uwarta ta ƙasar Fotugal, wadda cibiyar CAPLE ta Jami'ar Lizbon ke bayarwa, ita ma ba ta shafe shi ba yanzu.

ENEM ita ce maganar gaske, kuma ka yi daidai da ka damu da ita. Ita ma a 1998 aka kafa ta, amma tun gyaran 2009 ta zama babbar hanyar shiga jami'o'in tarayya, ta tsarin raba gurabe da suke kira SiSU. Lahadi biyu ake yin ta, galibi a watan Nuwamba. Tambayoyi 180 ne na zaɓen amsa, 45 a kowane fanni: harsuna, ilimin zamantakewa, kimiyya, da lissafi. Sai kuma insha'i guda ɗaya, wanda za ka ji yaran suna kira redação, a ranar farko. Makinsa daga sifili zuwa 1000. Wanda ya ci sifili a insha'in nan ba ya shiga rabon gurabe, ko da ya lashe lissafi kaf.

A nan nake son ka tsaya da ni, domin a nan ne 'ya'yan baƙi suke tuntuɓe, kuma iyaye ba sa gani sai sakamako ya fito. Ka ce bakinsa ya buɗe. Na yarda, yaro mai shekara 14 in ya faɗa cikin sa'o'insa, shekara biyu ta ishe shi ya yi magana kamar haifaffen unguwa. Amma Fotugis ɗin bakin titi a Sao Paulo daban, wanda ake so a takardar jarrabawa daban. A titi za ka ji an ce os menino, an haɗiye harafin jam'i na ƙarshe, ko nós vai maimakon nós vamos, kuma ba mai ɗaga kai. A takarda kuwa kowanne kuskure ne da ake ƙirgawa. Yaro zai rubuta mais, wato "ƙari", inda yake nufin mas, wato "amma", saboda a bakin mutane da yawa sautinsu ɗaya ne. Yaron da aka haifa a can yana da shekara tara ta makaranta kafin sakandare da ake ta gyara masa irin waɗannan. Naka shekara biyu kawai ya samu.

Bahaushe ma yana da nasa wuraren na musamman. Hausa ba ta raba p da f, alhali a Fotugis ponte gada ce, fonte kuma maɓuɓɓugar ruwa. Amma muna da wata gata da mai jin Turanci kaɗai ba shi da ita: mun saba da jinsin namiji da tamace a cikin sunaye, kuma a harsunan biyu yawancin kalmomin da suka ƙare da a mata ne. Kamar yadda muke da gida da ruwa da nama da suka ƙare da a amma maza ne, haka su ma suke da o dia, o mapa, o problema. In aka nuna wa yaro wannan kamance, nan da nan yake kamawa. Sai dai ya kula kada ya ɗauko jinsin Hausa ya ɗora wa kalmar Fotugis. Mu rana mace ce, wata namiji, su kuwa o sol namiji, a lua mace.

Insha'in ENEM layi 30 ne iyakarsa, wanda bai wuce layi bakwai ba kuma sifili ne. Abu biyar ake dubawa, kowanne maki 200: iya rubutaccen harshe na ƙa'ida, fahimtar jigon da aka bayar tare da kawo ilimi daga wasu fannoni, tsara hujjoji don kare ra'ayi, ƙulla jimloli da sakin layi yadda magana ba za ta tsinke ba, sai kuma kawo shawarar yadda za a magance matsalar ba tare da take haƙƙin ɗan Adam ba. Wannan na biyar ɗin ba fatan alheri ake so ba, irin "ya kamata gwamnati ta duba". Dole ya faɗi wa zai yi, me zai yi, ta wace hanya, don a cim ma me, ya kuma ƙara bayani a kan ɗaya daga cikinsu. Mutum biyu ne ke duba kowace takarda, kowa shi kaɗai, in makinsu ya yi nisa da juna a miƙa wa na uku. Ka lura, a cikin maki 1000, nahawu zalla 200 ne. Ragowar duk iya tunani ne a rubuce da iya jera magana, abin da haddar ƙa'idoji ba ta koyarwa. Sai an rubuta, an gyara, an sake rubutawa.

To wannan aikin ne gasar take sa yaro ya yi. Mafi shahara a cikin gasannin nan ita ce Olimpíada de Língua Portuguesa, wato gasar harshen Fotugis, wadda ta faro a 2002 a matsayin shirin gidauniyar Itaú Social da cibiyar Cenpec mai suna Escrevendo o Futuro, wato rubuta gobe, sannan a 2008 Ma'aikatar Ilimi ta shigo ta zama ta ƙasa baki ɗaya, ga makarantun gwamnati. Jigonta a waɗancan shekarun shi ne "wurin da nake zaune". Kowane aji da nau'in rubutunsa. A zagayen 2019, ƙananan yara waƙa suka rubuta, na gaba da su suka yi hira da dattijan unguwa suka rubuta tarihin rayuwarsu, 'yan aji ɗaya da biyu na babbar sakandare suka yi gajeren fim na gaskiya, 'yan aji uku kuma suka rubuta maƙalar ra'ayi a kan wani batu da ake jayayya a kansa a garinsu. A lokacin, rubutun da ya yi fice yakan tashi daga makaranta zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa shiyya, zuwa ƙasa. Majalisar Dattawan ƙasar ma tana da tata gasar insha'i, Jovem Senador, ga ɗaliban sakandaren gwamnatin jihohi, inda ake fitar da 27, ɗaya daga kowace jiha da babban birnin tarayya, a kai su Barasiliya su ga yadda ake tsara doka.

Abin da ya fi kyautar muhimmanci shi ne abin da ake yi a aji kafin a aika da rubutun. A waɗancan zagayen, an tsara gasar ta Olimpíada ne yadda malami zai bi da ɗalibai mataki-mataki na makonni: su karanta misalai, su yi rubutun farko, su tattaro bayanai, su saurari masu ra'ayin da ya saɓa wa nasu, su dawo su gyara. Maƙalar ra'ayi da insha'in ENEM ba abu ɗaya ba ne, domin a maƙala marubuci yana iya fitowa da muryarsa sosai, kuma ba dole sai ya rufe da shawara mai gaɓa biyar ba. Amma ƙashin bayansu ɗaya: ka ɗauki matsayi, ka kafa hujja, ka amsa wa mai ja da kai. A makarantar gwamnati mai aji cike da ɗalibai, da wuya malama ta sami sukunin zama da yaro guda tana bin rubutunsa layi-layi. Gasa ce take ba ta dalilin yin haka. Wannan kulawar, in za ka neme ta a makarantun share fagen jarrabawa da suke kira cursinho, kuɗi za ka biya mai yawa. Kuma malama ba ta zaɓar yaron da ba ta ga wani abu a tare da shi ba. Baƙon da ya zo shekara biyu a ce shi aka nuna, ni abin farin ciki ne a wurina.

Kada kuma yaron ya ɗauka baƙuncinsa naƙasu ne a wannan fage. Jigon insha'in ENEM na 2024 a kan ƙalubalen daraja gadon Afirka a Barazil ne. Ka yi tunanin ɗan Hausa a gaban wannan takarda. Hausawan da aka kai yankin Bahiya na Barazil a zamanin cinikin bayi suna cikin tarihin ƙasar da sunansu, su ne aka kama da shirin tawaye a 1807, suna kuma cikin Musulmin da suka tashi a birnin Salvador a watan Janairun 1835, a cikin azumin Ramadan, tare da Yarabawa waɗanda suka fi yawa a tafiyar. Har yau a Bahiya ana dafa wata shinkafa da busasshen nama da ake kira arroz de hauçá, shinkafar Hausa. Tun 2003 doka mai lamba 10.639 ta wajabta koyar da tarihin Afirka da na baƙaƙen Barazil a makarantu. Masu duba takarda suna ba da maki a kan ilimin da ɗalibi ya kawo daga wajen takardun da aka ba shi, in ya dace da jigon kuma ya yi aiki da shi. Ka ba shi labarin gida, Alhaji, ka bar shi ya nemo na can, ya gwama su. Haka a jigon "wurin da nake zaune": idon wanda ya san Kano ko Maraɗi yana ganin abin da ɗan unguwa ya daina gani a kasuwar Brás ta Sao Paulo.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa maka: takardar yabo ta gasar rubutu ba ta maye gurbin makin ENEM a rabon SiSU. In lokacin gasar ya zo daidai da makonnin ƙarshe kafin jarrabawa a shekararsa ta uku, jarrabawar ce gaba. Shi ya sa bana ce shekarar da ta fi dacewa da gasa, yana aji biyu, wuyansa bai shiga igiya ba. Ku nemi malamar ta ba ku ƙa'idojin gasar da take nufi ku karanta tare, musamman sashen waɗanda suka cancanci shiga da takardun da ake nema.

Sauran abin yi kaɗan ne. Ɗalibin da bai kai ajin ƙarshe ba yana iya zama ENEM don gwaji, suna kiransa treineiro. Makin ba zai ba shi gurbi ba, amma zai ɗanɗana zaman awa biyar da rabi na ranar farko, ya ga inda insha'insa ya tsaya. Rajista na buƙatar lambar CPF tasa ta kansa, wato lambar shaida ta hukumar haraji, in ba shi da ita a nema tun yanzu. INEP na fitar da ɗan littafin jagora a kan insha'in, kyauta a intanet, da misalan waɗanda suka ci 1000 da bayanin dalili. Ya riƙa rubuta insha'i ɗaya duk mako, da hannu, da baƙin biro, a takarda mai layi 30, ya kai wa malamar. Ya riƙa karanta shafin ra'ayi na jarida, ba saƙonnin WhatsApp kaɗai ba.

Sai wata magana da ba ka tambaya ba amma ta shafi aljihunka. Dokar 2012 ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga waɗanda suka yi dukan shekaru uku na babbar sakandare a makarantar gwamnati. Iyaye da dama in kasuwa ta yi kyau sukan cire yaro a ajin ƙarshe su kai shi ta kuɗi don a gyara shi, ba su san sun fitar da shi daga wannan kason ba. In ɗanka a makarantar gwamnati ya fara aji ɗaya, ka bar shi ya ƙarasa a nan, kuɗin kuma ka sa su a darasin yamma.