Kwana, Gabza da Sauran Kalmomin Makarantar Kwana

Saƙonnin wannan mako kusan duk a kan makarantar kwana suka taru, ga alama komawar yara hutu ce ta tayar wa iyayensu da tsohon tsumi.

Tambaya daga Jega: Malam, "makarantar kwana" ake rubutawa ko "makarantan kwana"?

Makarantar. Kalmar mace ce. Kai da ke Jega ai "makarantak kwana" kake faɗa, kamar yadda kake cewa "rigas sarki", wato bakinka ya fi alƙalaminka sanin nahawu. Masu liƙa wa kowace kalma -n a Facebook, su suka jefa ka cikin shakka.

Tambaya daga wata malamar Hausa a Talata Mafara: Ɗalibina ya rubuta "wanda ya riga ka kwana ya riga ka tashi", ni kuwa da "barci" na san karin maganar a rubuce. In soke masa?

Malama, ajiye jan biro. Yaron abin da ya ji a bakin kakarsa ya rubuta, kuma daidai ne. A Hausar yamma, wato ta Sakkwato da Zamfara da Kabi da Gobir, kwana shi ne barci. In kika je gida aka ce miki mai gidan "shina kwana", ko da azahar tsaka ce, barci yake yi. In yaro ya ce "kwana nika ji", gyangyaɗi ya kama shi. Bakano kuwa ba ya kiran abu kwana sai dare ya ratsa, shi ya sa yake iya kwana a zaune idonsa biyu har asuba.

Wannan bambanci ya taɓa jawo mini duka. Ina aji ɗaya a ƙarshen shekarun 1970, lokacin duk muna tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a yanke Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996. Wani siniya, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa da aka kawo Ƙaura Namoda daga gabas, ya aike ni da la'asar in kira masa wani ɗan aji biyu. Na dawo na ce shina kwana. Ya ce kwana da rana tsaka? Ya ɗauka gatse nake masa, ya sa ni tsallen kwaɗo daga bakin hostal har famfo. Bai ƙare nan ba, firfet ya ji mu, ya rubuta sunana ni kaɗai cikin masu yin banakula, wato magana da harshen gida, tarar kwabo biyar. Ku dubi abin: Bahaushe ya hore ni don bai fahimci Hausata ba, wani Bahaushen ya ci ni tara don na yi Hausar. Kalmar banakulan nan har yau in na ji ta raina yana ɓaci, don ita ta koya wa ɗiyan mutane jin kunyar harshen da aka yi musu tawai da shi. Yawancin masu rubuta mini "makarantan" jikokin wannan tara ne.

Ma'anar karin maganar kuwa a fili take: wanda ya girme ka, ko ya riga ka shiga wani al'amari, ya riga ka sanin kansa. Siniyoyinmu sun mayar da ita lasisin mulki, a bakinsu take duk lokacin da za su tura ƙaramin yaro wanki ko ɗebo ruwa. Abin dariyar shi ne a hostal ba ta taɓa zama gaskiya ba. Juniya ne ke riga kowa tashi, ya share ɗaki, ya kai wa siniya bokiti bakin bayi, alhali shi ne na ƙarshen kwanciya.

Tunda mun shigo, kada a haɗa wannan kwana da kwanar hanya ta "ya sha kwana". Waccan aro ce daga Turanci, wasalinta na farko gajere ne, karin sautinta ma daban. Mai karanta labarai da ya ja ta har ta koma kwanan dare, ya dai rage gaggawa.

Tambaya daga Yawuri: Daga ina aka samo "gabza"?

A ganina daga aikatau ne. Ana gabza wa mutum mari, ana gabza ƙarya, ana gabza loma, duk abu ne da ake yi da ƙarfi babu tausasawa. Tuwon dawar da ake tuƙa wa yara ɗaruruwa a rabin durom haka yake: ga gudaji, ga tauri, miyar kuka kuwa kana hango fuskarka a ciki. Ba a cinsa, gabzarsa ake yi. Kalmar ba ta makaranta kaɗai ba ce, abincin gidan yari ma da ita ake kiransa, kuma mu ɗalibai mun san wannan zumunci sarai. Amma kada ka kira tuwon gidanku gabza don ya yi tauri rana ɗaya, musamman in mai tuƙin tana kusa.

Tambaya daga Gusau: "Da babu gara ba daɗi" ko "gwamma ba daɗi"?

Gara, gwara, gwamma, duk ɗaya ne. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Tambaya daga Argungu: 'Yata da ke karatu a Kano ta ce ƙawayenta sun yi mata dariya da ta ce "datu". Hausa ce?

Hausa ce tsantsa, Alhaji. Abin da su ke kira kwaɗo ne: zogale ko rama ko tafasa a cuɗa da ƙuli-ƙuli da yaji. Mu a makaranta har garin kwaki da ƙanzo mukan cuɗa da ƙuli mu kira shi datu, mu ɓoye ragowar a ƙasan adaka, ƙarƙashin kayan Juma'a. Ranar ziyara ka kai mata hoce, ta ba su su ɗanɗana, sannan ta tambaye su sunansa da Kananci.